Sai Ta Yi Ja

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Gara in zuba a littafin nan da in zuba a kan maigidana Baban Mufida, shi da bai ci ba bai sha ba. Na dawo daga rumfar awo kaina kamar zai rabe biyu. Mata ɗari da saba'in da uku yau, kowacce da goyonta. Na Bugaje, na Riko, da waɗanda suka baro ƙauyukansu suka tare a kangayen Magama tun da zuwa gona ya gagara. Masu awo kuwa mu biyu ne rak, ni da Zaituna, kowa da layinta.

Da safe Oga Mudathir, shugaban cibiyarmu, ya karanta mana takardar da ƙungiya ta aiko. Wai kaya sun yi ƙaranci, masu bayarwa sun janye hannu, don haka daga yau ja kaɗai za a riƙa ɗauka. Shekarata shida ina naɗa tef ɗin nan a damtsen yara. Kore lafiya lau, rawaya an fara ramewa, ja tamowa ta kama. Da can mai rawaya tana komawa gida da garin kunu. Yanzu sai nasiha, sai kuma mu miƙa wa uwa tef guda ta riƙa aunawa a gida, in ya nuna ja ta dawo a ba ta gyaɗar tamowa. Nasiha fa! Wa ya taɓa dama nasiha ya ba yaro ya sha? Haka na tambayi Oga a gaban kowa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Wajen ƙarfe ɗaya wata mata ta iso gabana, Tsahara, daga wani ƙauye a ƙetaren iyaka, bayan Ɗan Isa. Ta ce likitarsu, haka suke ce wa asibiti can, ta yi wata biyu babu kaya. Da ƙafa ta zo tun asuba. Ɗiyarta Maimuna wata goma sha huɗu, idanu manya-manya, ta cafke mani ɗan kunne ta ƙi saki, har uwar tana ba ni haƙuri. Na naɗa tef, ɗari da sha shida. Ja daga ƙasa da ɗari da sha biyar yake farawa. Tsakaninta da shi bai fi kaurin ƙwayar gero ba. Na warware na sake naɗawa, ɗari da sha shida. Na danna ƙafafunta, babu kumburi.

Na ba uwar tef, na kama hannunta na nuna mata yadda ake yi. Na ce kada ki matse, kada kuma ki saki. Ta ce, "Tau Malama, yaushe za ni komo?" Na gaya mata abin da takarda ta ce. Akwai mata sun fi hamsin a bayanta, wata tana ihu ɗanta ya sheme.

Na yi aikina daidai. Wannan dai babu mai ja da ni a kai.

Laraba, 9 ga Yuli, hantsi

Ruwan jiya ya yi ƙarfi. Ko ya same su a hanya?

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Zaituna ta yi wata guda ba ta gaishe ni, tun da na kai ƙararta. E, na kai, kuma ko yau zan sake. Na gan ta da idona tana matse tef, tana jan shi da babban yatsa har rawaya ta koma ja, yara huɗu a jere. Na gaya wa Oga, aka ba ta takardar gargaɗi. Yarinyar da ni na koya mata riƙon tef ɗin!

Yau muna shirya katan-katan ɗin gyaɗa a sito sai ta yi magana, bayanta a wajena.

"Yaya Salmatu, na ga kin mai da 'yar Nijar ɗin nan."

Na ce rawaya ce.

"Da layina ta shigo, da ta tafi da gyaɗar sati guda."

Na ce da kin yi ƙarya ke nan. Ta juyo ta ce, "Tef ɗin nan saukakke ne daga sama? Wani ne ya zauna a ofis mai sanyi ya ja layi a nan maimakon nan. Ke kina kallon lamba, ni ina kallon yaro."

Wallahi sai da na ji kunnena ya yi zafi. Na ce to mai tausayi, katan ɗin nan da muke jerawa su ke nan har ƙarshen Agusta. Duk wanda kika matse wa, daga bakin wani ja na gaske kika ƙwace. Ranar da kaya suka ƙare, ke za ki tsaya ki gaya wa uwar da ɗanta yake ɗari da biyar babu? Ta juya ta ci gaba da jera katan. Gaskiya ce ai.

Duk wata masu bincike suna zuwa su sake auna yara goma daga layina. Ba a taɓa samun saɓani ba, ko sau ɗaya. Takardar yabon tana nan rataye a ɗakina kusa da kalanda. In na fara matsewa, gobe mai kuɗi ta zo da turmin atamfa ta ce in matse wa nata, me zan ce mata?

Talata, 15 ga Yuli, bayan Magariba

Tirƙashi! Yau muka yi manyan baƙi. Tun jiya aka sa mu share rumfa, aka rataya ƙyallaye masu hoton yara suna dariya, aka kawo kujerun roba. Aka ce kada a fara awo sai sun iso, don su ga layi a cike. Mata suka zauna a rana daga ƙarfe bakwai har sha ɗaya da rabi, da yara marasa lafiya a cinya, suna jiran mutanen da suka tsaya karin kumallo a Katsina.

Motoci uku, kowacce da sandar rediyo doguwa. Suka fito da rigunan ƙungiya sababbi fil, kowa da gorar ruwansa a hannu. Mai ɗaukar hoto ya ce in nemo mashi yaro ja, amma wanda bai cika muni ba. Na ce in je kasuwa in zaɓo maka ne? Oga ya harare ni. Daga ƙarshe ya samu wanda yake so, ya sa ni naɗa tef sau biyar, wai in karkato shi launin ya fito. Yaron yana tsala ihu, shi yana cewa in yi murmushi.

Wata baƙuwa ta tambaye ni ta bakin tafinta, wai mene ne babban ƙalubalenmu. Na ce abinci. Ta rubuta. Ta ce sai me? Na ce abinci. Ta yi dariya ta ce tana son mutum mai faɗin gaskiya. Minti arba'in suka yi, suka tafi, don wai dole su bar yankin kafin ƙarfe biyu saboda hanya. Mu kuma da muke kwana a yankin, Allah ya kyauta.

Na duba layina, na duba na Zaituna. Tsahara ba ta zo ba. To ai alama ce mai kyau. In ba ta zo ba, yarinyar ba ta yi ja ba ke nan.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan Asuba

Na auna ɗiyata Mufida tana shan koko. Kore shar. Ubanta ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, tef nake gwadawa.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan La'asar

Akwai maganar da muke gaya wa kowace uwa in mun miƙa mata tef. Tamowa iri biyu ce. Akwai mai ramewa, ita tef yake kamawa. Akwai mai kumburi, wadda ruwa ke cika jikin yaro daga ƙafafu ya yi sama, hannu ya ƙi raguwa, tef ya yi ta nuna rawaya har kore. Ita ce ta fi kisa. Shi ya sa muke cewa, ki riƙa danna bayan ƙafarsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, ki taho ko tef ya nuna me. Na faɗi maganar nan ta fi sau dubu. Kwana uku ke nan ina ƙoƙarin tuna ko na faɗe ta ranar Talatar can. Ina tuna hannun Tsahara a cikin nawa, ina tuna ihun matar da ke baya. Daga nan sai duhu.

Na duba katinta. Lambar mijinta ce, ta Nijar, ba ta shiga. An rubuta sunansa Zakari, ɗan dako a tashar Magama.

Na samu Oga na ce ina so in bi wata yarinya gida. Ya ce ina? Da na faɗa sai ya ɗaga hannu biyu. Ya ce ma'aikacin ƙungiya ba ya ƙetare iyaka, motar ba ta da takardun can, in wani abu ya same ki wa zai amsa? Na ce Oga, iyakar nan fa daga bayan rumfarmu ana hango ta. Awaki suna ƙetarawa su dawo kullum. Gwaggona a Maraɗi take aure. Yunwar da ta kawo matar nan, a wane shinge ta nuna takarda? Ya ce, "Malama Salmatu, ina jin ki. Rubuta buƙata, in tura sama." Na ce amsa yaushe? Ya ce sati biyu in an yi sauri.

Na rubuta. Ni ce ai mai bin ƙa'ida.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Na je tashar Magama da kaina. Na ce ina neman Zakari ɗan dako, suka kwashe da dariya, wai Zakari nawa nake so, suna da shida. Na ce mijin Tsahara, mai ɗiya Maimuna. Aka ƙwala kira, wani siririn mutum ya sauke buhu daga ka ya taho yana share gumi da hularsa.

Da ya ji ko ni wace ce sai ya durƙusa. Fuskarsa ta washe.

"Malama! Ke ce? Alhamdu lillahi, ɗiya ta samu sauƙi. Daren Juma'a na kwana gida. Kullum da sahe uwarta na aunawa kamar yadda kinka koya mata, ba ta matsewa, ba ta saki. Rawaya ce har yanzu, ta ma ɗan hau."

Na ce tana cin abinci?

"Ba ta cika ci ba, amma jiki ya komo. Kumatu sun ciko, ƙafafu sun ciko tuɓur-tuɓur. Har mata na zuwa kallo."

Na ce tun yaushe? Ya ƙirga da yatsu, ya ce kwana shida ko bakwai.

Ban san lokacin da na fara yi mashi ihu ba. Magidanci, a gaban abokan aikinsa, ina cewa kai wane irin uba ne, ɗiyarka tana kumbura kana cewa ƙiba! Shi kuwa ya miƙe a hankali ya ce, "Malama, ai cewa kinka yi sai ta yi ja."

Haka na ce. Bari in rubuta shi tunda na yi kwana goma sha biyu ina kewaye shi. Ta ce yaushe za ni komo, na ce sai ta yi ja ki dawo. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, na ce ta gaba ta matso.

Na ce ya tafi yanzun nan ya ɗauko su, kada ya jira Talata, kada ya jira tef, ya kawo ta gidana ko wane lokaci ne. Na kwatanta mashi gidan. Ya bar buhun a ƙasa ya tafi da gudu.

Litinin, 21 ga Yuli, Azahar

Ba su zo ba. Ruwa ake tun asuba.

Litinin, Magariba

Ba su zo ba. Wani ɗan acaba ya ce koramar da ke tsakaninsu da Ɗan Isa ta kawo, ko raƙumi ba ya ƙetarawa. Baban Mufida ya ce in ci abinci. Na ce ya ƙyale ni. Allah ya ba shi haƙuri da ni.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Magariba

Sun iso wajen ƙarfe goma, zanen Tsahara jiƙe har ƙugu. Kuma sai ta je can ƙarshen layina ta tsaya! Da yarinya a wannan halin, ta bi layi kamar yadda aka koya mata. Zaituna ce ta hango ta, ta ture benci ta je ta karɓo goyon.

Ban gane Maimuna ba. Idanun nan sun shige cikin kumburi, fatar cinyoyinta tana saɓulewa, gashin ya yi jawur. Zaituna ta danna ƙafa, yatsa ya nutse, ramin ya zauna. Ta fasa gyaɗa ta sa mata a leɓe, ta kau da kai. Ko kuka ba ta yi, sai wani ɗan nishi.

Tsahara ta kwance bakin zanenta ta fiddo tef, a naɗe tsaf cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. Ta ce, "Malama, na auna yau ma kahin mu taso. Ba ta yi ja ba. Mi ya sa kowa ke gaggawa?"

Oga ya ce dole a rubuta awo a takardar turawa. Na naɗa. Ɗari da sha takwas. Rawaya! Yarinya tana mutuwa a hannuna, tef yana ce mani an samu ci gaba. Na ji kamar in cusa shi a murhu.

A nan dai zan yi wa Oga adalci, bai tsaya neman izini ba, ya ce direba ya tada mota zuwa babban asibiti a Katsina. Zaituna ta dama ruwan sukari tana ɗiga mata da cokali, ta lulluɓe ta da mayafinta. Ta dube ni ta ce, "Yaya Salmatu, ni zan bi su, ke ki riƙe layi." Ba ta ƙara komai ba, kuma na san tana da abin ƙarawa.

Na haɗa layi biyu na auna su ni kaɗai har La'asar. Kowace uwa sai da na sa ta danna ƙafar ɗanta a gabana, ta maimaita mani abin da na ce. Wasu har suka fara ƙunƙuni wai ina ɓata masu lokaci.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan La'asar

Zaituna ta kira. An sa wa Maimuna roba ta hanci, ana ba ta madara kaɗan-kaɗan. Likita ya tambayi me ya sa aka daɗe ba a kawo ta ba, ya yi wa uwar faɗa. Tsahara ita ta sha faɗan, ta ce a yi haƙuri.

Alhamis, 24 ga Yuli, hantsi

Maimuna ta buɗe ido. Wai har ta kama hijabin wata nas ta ƙi saki. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, Mufida tana kallona.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Kumburin ƙafa ya fara saɓewa, amma zazzaɓi ya shigo. Zaituna ta dawo gida, ta bar lambarta wurin nas ɗin. Na yi sadaka da ƙosai bayan an sauko daga masallaci. Ya Allah, ba don halina ba.

Amsar buƙatata ta zo yau, da wuri ma. Ba a amince ba, saboda dalilan tsaro. An gode mani da himma.

Asabar, 26 ga Yuli, hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ban ɗora tukunya ba. Maƙwabciya ta aiko da tuwo.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Azahar

Oga ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mani lemo. Ya buɗe katin Maimuna a kan tebur ya ce ya duba komai. Awo daidai, ranar farko babu kumburi, an ba da tef kamar yadda takarda ta ce. "Kin bi ƙa'ida, Malama Salmatu. Babu laifinki ko kaɗan." Ya ƙara da cewa tunda a asibitin Katsina ta cika, ba za ta shiga rahoton cibiyarmu ba, domin dama ba a taɓa ɗaukar ta a nan ba.

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Ba a taɓa ɗaukar ta ba! Ai shi ke nan maganar, Oga, ba a ɗauke ta ba. A rahotonmu na watan nan babu yaron da ya mutu. Za a tura sama, a buga da hoton yaron nan da bai cika muni ba, da murmushina a gefe.

Na ce ban gaya mata maganar kumburi ba. Ya ce babu gurbin wannan a fom. Ya ce zai ba da shawara a riƙa buga hoton ƙafa a jikin tef. Ihu bayan hari.

Na dawo gida na cire takardar yabon nan daga bango. Ban yaga ba, na tura ta ƙarƙashin katifa.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan Magariba

Yau kwana bakwai. Na ce wa Zaituna za ni gaisuwa, ta ce ta riga ta sayi sabulu da sukari. Muka bar rigunan ƙungiya a gida, muka sa hijabanmu, muka hau acaba biyu. A shinge aka tambaye mu ina zuwa, muka ce ta'aziyya, aka ce Allah ya jiƙan musulmi.

Minti hamsin, har da tsayawa a korama mu tuɓe takalma. Wannan ce tafiyar da na rubuta wa buƙata. Ranar Juma'ar da na rubuta ta rana ce tarwai, korama ba ta kawo ba tukuna. Ba Oga ne ya riƙe mani ƙafa ba.

Gidan na kara ne, mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. A Katsina aka binne yarinyar, uwar ba ta ma san inda kabarin yake ba. Da ta gan mu sai ta miƙe ta shimfiɗa mana tabarmar da ta fi kyau. Na yi gaisuwa. Na buɗe baki in faɗi abin da na zo faɗa, na ce Tsahara, ranar nan akwai maganar da ya kamata in gaya maki. Ta kama hannuna ta ce, "Haba Malama, kwana ne ya ƙare. Ke da kinka bi mu har tasha?"

Sai ta juya ga matan ta ce, "Ku gan ta nan, ita ce nike ba ku labari. Ran da na je, matan Magama sunka ce mani layi biyu ne. Waccan tana da sauƙi, wagga kuwa ba ta cuta, ba ta son kai, abin da ta gani shi taka hwaɗi. Na ce ni baƙuwa ce, ban san kowa ba, bari in bi ta mai gaskiya. Na baro wancan layin ana saura mutum uku a zo kaina, na komo nata."

Matan suka yi ta sa mani albarka. Zaituna ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma.

Kafin mu taso Tsahara ta kawo mani mata biyu, maƙwabtanta, kowacce da yaro a baya, wuyansu kamar zare. Ta ce ran Talata za su zo. Ta ce, "Na ce masu kada su bi layin kowa sai naki."

Na ce Allah ya kawo su lafiya. Me zan ce?

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Na ƙirga katan ɗin da suka rage a sito, na sake ƙirgawa. Maganar da na gaya wa Zaituna ranar nan har yanzu gaskiya ce, ba ta canza ba. Duk wanda aka matse wa, daga bakin wani aka ƙwace. Waɗanda suka bar mu da wannan zaɓin suna can suna shirya taron bita a otal, an ce har da jaka za a raba. Allah ya isa. Ban san wa nake ja wa ba, amma Allah ya isa.

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Sun zo. Tun ƙarfe bakwai na hango su a layina, suna ɗaga mani hannu.

Na danna ƙafafu, babu kumburi. Na gaya masu maganar kumburi sau biyu, suka maimaita. Na naɗa wa na farko, ɗari da sha bakwai. Na biyu, ɗari da sha shida. Uwar tana kallon fuskata, ba ta ko kalli tef ɗin ba.

Na sake naɗawa, na ce a raina bari in matse. Shekara shida yatsan nan yana tsayawa a wuri guda, yau na ce ya wuce ya ƙi. Oga yana bakin sito da takardunsa, nesa da mu bai fi taku goma ba.

Na ce, "Zaituna, zo ki nuna mani yadda ake yi."

Ta bar layinta ta zo. Ba ta dube ni ba. Ta ɗora babban yatsanta a kan nawa ta danna, na karanta lambar da ƙarfi yadda Oga zai ji, ɗari da sha huɗu.